Ƙahon da Ya Maƙale a Wuyan Ilyasu

Litinin, 4 ga Mayu 1992, sha biyu da rabi na rana

Yau ƙaho ya cika wata shida yana zagaya ajina. Wata shida, yara sittin da takwas, ni Tahira ban daki ɗan kowa ba. Bulalar da darakta, shugaban makaranta, ya danƙa mini ranar da na kama aiki tana can ƙasan kabad, gizo-gizo ya yi mata gida. A duk lakwal ɗin nan, makarantarmu ta unguwar Zariya, a nuna mini malamin da zai iya faɗin haka.

Ƙahon rago ne da aka huda aka sa wa igiya. Sambol ake ce masa tun muna yara. Wanda aka kama yana Hausa a aji a rataya masa, shi kuma ya yini yana kasa kunne don ya samu wanda zai yaɓa wa, wanda ya kwana da shi ya sha duka da safe. Ni ma na sha kwana da shi, kuma ban koyi komai a jikinsa ba sai laɓe da tsegumi. Da aka ba ni aji sai na wanke shi da sabulu, na kitsa masa sabon zare ja da kore, na juya masa aiki. Yanzu mai ƙaho abin kirki yake nema. Da safe ya miƙe gaban aji ya ce, "Na gani da idona," ya faɗi abin da ya gani, ya rataya wa mai shi. Doka biyu ce tak: ba ya kwana biyu a wuya ɗaya, kuma ba a faɗin abin da ba a gani ba.

Mutum ɗaya ce bai taɓa hawa wuyanta ba: Atika. Ta girme su duka, ta maimaita aji, maza ma tsoronta suke. Takan ce ƙahon ko a jikinta. Ƙarya take, ina ganin yadda take bin sa da ido.

Laraba, 6 ga Mayu, bayan azahar

Darakta, Mushe Idirisa, ya kira ni ofis (Mushe muke ce wa malami namiji, mace kuma Madam). Mushe Inusa na ajin kusa da ni yana zaune, bulalarsa a cinya kamar jariri.

"Madam Tahira," in ji darakta, "wanga abu naki, dimokuraɗiyyar ce kika kawo mana har cikin aji? Ƙasa duk ta rikice, kowa ya samu baki, ke kuma kina ƙara wa yara."

Na ce, "Mushe, ka taɓa jin hayaniya daga ajina?"

Darakta ya canza magana. Ya ce an nemi ya ba da malami ɗaya a kai ƙauyen Jiratawa, kuma duk wanda ajinsa ya fara ba shi kunya, sunansa zai miƙa. In ni ce, Inusa zai ɗauki yarana. Inusa ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Wallahi da ba don girman ofis ba da na gaya masa magana. Ba Jiratawa nake tsoro ba, mutane ne a can. Yaran nan nawa ne ba na so su koma ƙarƙashin hannun mutumin nan.

Juma'a, 8 ga Mayu, sha ɗaya

Gari ya ɗauki zafi, ba na rana kawai ba. Kowace bishiya da tutar jam'iyya, kowane mai kabu-kabu ya zama ɗan siyasa. Yau an ba wata yarinya ƙaho saboda ta raba allinta biyu ta ba maƙwabciyarta. Atika ta mari wani yaro a bakin famfo.

Talata, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Ba a koma lakwal da yamma ba. Kowa da ransa. Ƙafata tana ciwo.

Laraba, 13 ga Mayu, da hantsi

An rufe lakwal yau. Bari in rubuta na jiya.

Da safe lafiya lau, har aka rataya wa Ilyasu ƙaho saboda ya ɗauke ƙaya daga hanya. Wajen tara da rabi sai ga 'yan kolej da usur da duwatsu, wai suna yajin karatu, don haka kowace makaranta sai ta tashi. Sun saba zuwa, amma jiya da gudu suka zo, an biyo su. Sai wani abu ya fashe a bakin ƙofar lakwal. Wasu sun ce tayar mota ce, wasu sun ce ba taya ba ce.

Ajujuwa suka watse. 'Yan ajin Mushe Inusa, mai bulala biyu, ta taga suka riƙa dirowa suna tattake juna, ɗaya har ya karye a hannu. Nawa fa? Ko ɗaya bai fita ba. Sittin da takwas! An ce Atika ce ta tura ƙofa ta sa sakata, ta ja tagogi, ta ce kowa ya shiga ƙarƙashin tebur. Dutse ya riga ya shigo ya tsaga goshin Rahma, ƙaramar cikinsu. Atika ta tuɓe ɗankwalinta ta ɗaure mata, ta ɗora ta a cinya. Da ƙanana suka fara kuka, an ce ta daka musu tsawa ta ce a ja lissafin sau bakwai, suka yi ta ja har waje ya yi shiru. An ce ko a bakwai sau takwas ba su yi tuntuɓe ba, abin da ban taɓa samu ba ranar zaman lafiya.

Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Yarana ne. Haka aka ba ni labari.

Na duba ko'ina ban ga takalmina na hagu ba.

Alhamis, 14 ga Mayu, sha biyu da rabi

An koma. Suka miƙe suka gaishe ni kamar kullum, suka zauna. Na jira Ilyasu ya fito da ƙaho. Bai tashi ba. Na ce, "Ilyasu, kai muke jira." Ya dubi Atika, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Madam, ban ga komi ba."

Bai ga komai ba! Na ce to, a buɗe littafin karatu.

Da na buɗe kabad zan ɗauki alli sai na ga takalmina, an naɗe shi cikin takardar littafi, an ajiye shi a kan bulala. An wanke shi ma. Ban tambayi wanda ya ajiye ba.

Juma'a, 15 ga Mayu, bayan masallaci

Mahaifin Rahma, Alhaji Abdulrazak mai hatsi, ya zo da mota har tsakar lakwal. Ɗinki huɗu aka yi mata. Ya ce shi ba faɗa ya zo yi ba, tambaya ɗaya gare shi: lokacin da ake jifan ɗiyarsa, ina manyan suke? Ya kai ƙara wajen anspekta, mai duba makarantu. Zai zo ranar Talata, ashirin da shida ga wata.

Bayan ya tafi darakta ya ce, "Na rubuta cewa kowa yana wurin aikinsa. Ko ba haka ba ne, Madam?"

Akwai taswirar Nijar a bangon ofis, an zana ta tun kafin a haife ni. Ban taɓa lura cewa an manta da garinmu Tsibiri a cikinta ba sai yau.

Mushe Inusa yana tsaye da filasta a saman gira. Ya dube ni. Bai yi dariyar hancin ba, kuma na fi son ya yi.

Lahadi, 17 ga Mayu, Tsibiri, kafin la'asar

Na zo gaida Inna. Kowa a nan sama yake kallo, an gama sharar gona, ruwa ake jira. Ina sauka daga mota ta ga ɗingishina.

"Ke Tahira, mi ya sami ƙafa?"

Na ce kwalba na taka. Na zauna na kwashe labarin yarana na ba ta, tun daga sakata har lissafin sau bakwai, har da kwaikwayon muryar Atika. Ta yi ta tsince wake tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce, "Madalla da ɗiyan mutane. To ke kina ina?"

Na tashi na duba tukunya.

Ina daga madafi ta ɗaga murya ta ce, "Tun harbin nan da aka yi a Yamai kina karatu, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ki zabura. Ni na haife ki, ba sai kin hwaɗa mini ba." Tsohuwar nan ba ta san a bar magana ta huta ba.

Litinin, 18 ga Mayu, sha biyu da rabi

Ƙaho yana wuyan Ilyasu. Ya tura shi cikin riga, zaren kawai ake gani.

Talata, 19 ga Mayu, sha biyu da rabi

Yana wuyan Ilyasu. An sace alli biyu, kuma ba wanda ya share aji. Na yi tsawa har muryata ta dushe, hannuna ya kai ga ƙofar kabad, na dawo da shi.

Laraba, 20 ga Mayu, bayan azahar

Da aka fita hutun ƙarfe goma na tsare shi. Na ce, "Ilyasu, kwana takwas. Wuyanka ne ya haifi ƙahon nan?"

Yaron nan ɗan siriri ne, idonsa kamar na ɗan akuya. Ya yi ta murza zaren. Can ya ce, "Madam, na Atika ne."

"To ka ba ta mana."

"In na ce na gani da idona, sai in hwaɗi duka. Za a ce don mi ita ta rufe ƙofa. Za a ce ke kina ina."

Na ce wa ya ce ya yi shiru. Ya ce shawara suka yi a bayan aji, su duka. Atika ta ce duk wanda ya buɗe baki sai ta fasa masa shi. Sun ji maganar Jiratawa, ban san ta ina ba, yara ba abin da ke wuce kunnensu. Ya ce, "Ba mu son Mushe Inusa, Madam. Kuma ba ni iya ba wani, tunda nata ne."

Ka ji fa! Ba zai yi ƙarya ya ba wani ba, ba zai faɗi gaskiya ya tona ni ba, sai ya zauna da abu a wuya yana ramewa. Ita kuwa Atika, wata shida tana haɗiyar yawu a kan ƙahon nan, ranar da ta ci shi da guminta ta ce a bar shi. Ban taɓa alfahari da wasu mutane kamar yau ba. Ban kuma taɓa jin kunya irin ta yau ba. Na ce masa ya tafi ya sha ruwa.

Asabar, 23 ga Mayu, bayan asuba

Na gudu.

Asabar, da hantsi

Tunda na rubuta, bari in ƙarasa. Ban yi shawara ba. Na ji ƙarar, alli yana hannuna, sai kawai na gan ni cikin madafin wani gida, layi biyu daga lakwal, a durƙushe bayan turmi, wata mata tana yayyafa mini ruwa. Allin yana hannuna har lokacin. Na bar yara sittin da takwas da ƙofa a buɗe. Abin da kawai nake tunawa a tsakani shi ne bakin ƙofar lakwal, da wanda na wuce a wurin.

Litinin, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Darakta ya shigo ajina da kansa don shirin gobe. Ya tsaya gaban allo ya ce, "In anspekta ya ce ina Madam take ranar Talata, mi za ku ce?" Suka haɗa baki, "Madam tana nan!" Ya ce a sake. Suka sake, har da daɗin murya, kamar waƙar tuta.

Wata shida ina koya musu "na gani da idona." Shi minti biyar ya ishe shi. Ba don ya fi ni iya koyarwa ba, don ni suke yi wa.

Da zai fita ya ce, "Ki gode Allah, Madam, kina da yara." Mutumin kirki ne a hanyarsa, rufa mini asiri yake. Amma na ji kamar in jefe shi da soson allo.

Ƙaho yana wuyan Ilyasu.

Talata, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Anspekta ya zo ƙarfe tara, shi da darakta da Alhaji Abdulrazak. Aka kawo musu kujeru. Mushe Inusa ya tsaya a bakin ƙofa. Rahma tana gaba da tabonta.

Anspekta ya yi tambayarsa. Sittin da takwas suka ce, "Madam tana nan!" Ilyasu kaɗai na ga bakinsa bai motsa ba. Anspekta ya rubuta layi biyu, ya rufe littafinsa, ya ce wa Alhaji tsautsayi ne. Shi ke nan, na tsira. Har ya miƙe yana gyara hula.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da muke yi kowace safiya a ajin nan. Yau kwana goma sha huɗu ba mu yi ba."

Darakta ya yi tari. Na yi kamar ban ji ba. Na dafa tebur. Na ce, "Ilyasu, fito. Ba mai shi abinsa."

Atika ta juyo ta watsa masa wani kallo da zai iya dafa ƙwai. Na ce, "Atika, ni za ki kalla, ba shi ba. Ilyasu, faɗi duka. Ni na sa ka."

Ya fito, ya ciro ƙahon daga riga. Muryarsa ƙasa-ƙasa da farko. "Na gani da idona. Da abin ya fashe, Madam ta fita da gudu, takalminta ya faɗi. Ba babba ko ɗaya. Sai Atika ta tashi." Daga nan murya ta buɗe. Bai bar komai ba: sakata, tagogi, ɗankwali, lissafi. Har ya faɗi abin da ban sani ba, wai da Rahma ta ce tana son innarta, Atika ta ce mata, "Ni ce innarki har a buɗe ƙofa."

Ya nufe ta da ƙahon. Ta miƙe ta ce, "Ba ni so! Madam, ba ni so, ki ce ya mai da!" Tana kuka tana huci, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da ta faɗo daga bishiya. Na ce, "Naki ne. Sunkuya." Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sunkuyar da kai, don ta fi shi tsawo, ya rataya mata.

Rahma ce ta fara tafi. Alhaji Abdulrazak ya cire tabarau yana gogewa, ya tambayi sunan mahaifin Atika da unguwarsu. Anspekta ya koma ya zauna, ya sake buɗe littafinsa. Wannan karon ya cika shafi.

Laraba, 27 ga Mayu, sha biyu da rabi

Takarda ta zo. Jiratawa, daga Litinin. Darakta ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ke kika yi wa kanki." Na ce na sani.

Amma kafin takarda, da safe, Atika ta fito gaban aji ba tare da na kira ta ba. Fuska a murtuke, ido a kumbure. Ta ce, "Na gani da idona. Madam tana rawar jiki, ta dafa tebur, amma ta ce a hwaɗi." Ta zo ta rataya mini da ƙarfi har ya bugi ƙirjina, ta koma ta zauna ta juya mini ƙeya. Fushi take da ni, kuma tana da gaskiya.

Rabon da ƙaho ya hau wuyana tun ina 'yar shekara tara. Na bi titi da shi a waje, ban tura shi cikin riga ba. Mai kabu-kabun da ya ɗauke ni ya ce, "Madam, wanga wace jam'iyya ce?" Na ce ya tuƙa kawai.

Alhamis, 28 ga Mayu, bayan azahar

Ranata ta ƙarshe. Ba ya kwana biyu a wuya ɗaya, ko wuyan Madam ne.

Mushe Inusa ya shigo karɓar aji, bulala a hammata.  Na miƙe gaban allo inda suke tsayawa. Na ce, "Na gani da idona. Ranar Talata, lokacin da nake gudu, na wuce Mushe Inusa a bakin ƙofar lakwal. Ya buɗe hannuwansa biyu ya tare ƙofar, duwatsu suna sauka, jini yana zuba a fuskarsa, bai matsa ba. Ya gan ni na wuce. Kwana goma sha shida ke nan, yana son ajin nan, kuma bai gaya wa kowa ba."

Na ɗaga ƙahon. Mutumin nan ya ja da baya kamar na nuna masa maciji. Ya ce, "Haba Madam, ni ba yaro ba ne." Sai Atika, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Mushe, ba a ƙi."

Ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Dole ya ajiye bulalar a kan tebur kafin ya sunkuya. Na rataya masa. Ya tsaya da ƙaho a kan farar rigarsa, yara sittin da takwas suna kallonsa, ya matso ya ce mini a hankali, "To gobe ni wa zan ba?"

Na ce, "Sai ka duba, Mushe. Yini guda gare ka."

Ya juya ya dube su, layi-layi, a hankali. Wata shida muna maƙwabtaka ban taɓa ganin ya yi wa yara irin wannan kallon ba. Na ɗauki jakata. A bakin ƙofa wani ya riƙe gefen zanena ta baya, ya saki. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan fita ba.

Talata, 2 ga Yuni, Jiratawa, da hantsi

Rumfar zana, yara arba'in da ɗaya, allo ya tsage. An miƙo mini bulala, na ce a ajiye mini ita tukuna. Layya saura kwana tara. Na riga na gaya wa mahaucin garin ya ajiye mini ƙaho ɗaya, mai kyau, wanda bai fashe ba.